Kyamarar Likitan Shanu da Garken Ɗan'uwana

Zuwa ga Edita. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka, da waɗanda ke taya ka aiki, da duk mai karanta wannan shafi ko wanda ake karanta wa a zaure. Ina roƙonka don girman Allah kada ka buga sunana. Sunayen da za ka gani a ciki ma na sauya su. Ku kuma masu karatu, ku yi haƙuri ku kai ƙarshe kafin ku zage ni. Na san na cancanci zagin, amma shawara nake nema, kuma lokaci ya kusa ƙure mini.

Ni akawu ne a wani kantin awon gyaɗa a Malam Madori, dab da tashar jirgi. Karatuna bai wuce elementare ba. Ina da mata da 'ya'ya, ba na shaye-shaye, ba na caca, amma Allah ya jarrabe ni da son ɗaukar hoto. Ba sana'a ba ce, ba wanda ya taɓa biyana ko anini a kai. Wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Bama ne ya sayar mini da akwatin ɗaukar hoto a Kano, irin baƙin nan mai kusurwa huɗu da ake riƙewa a ciki ana leƙawa ta sama. Tun daga ranar ban sake samun kwanciyar hankali ba. Mutane ba su dame ni ba, tsuntsayen fadamar Haɗeja nake bi: gauraka, zalɓe, dinya, da agwagin nan da ke zuwa daga nesa in damina ta wuce. Matsalar akwatina ita ce ba ya ganin nesa. Sai in yi rarrafe cikin taɓo rabin yini, in danna, in aika fim ɗin Kano wurin wani Bayarabe mai shagon hoto, in yi ta jiran jirgi, in ya dawo sai in ga gaurakar tawa ta zama ɗigo kamar kashin ƙuda a jikin bango. Shi ya sa na daɗe ina tara ɗan abin da na samu, ina ta saƙawa da kwancewa: in sayi kwanuka da ruwan magani da jar fitila in riƙa wanke hotunana da kaina, ko kuwa in daure in jira har in iya sayen kyamara ta gaske mai dogon gilashi da ke jawo nesa kusa? Da a ce tambayar ta tsaya a nan, da ban ɓata muku shafi ba.

Ina da ɗan'uwa Bafillatani, zan kira shi Buba. Uwata ta rasu ina jinjiri, sai wata mata da ke kawo nono gidanmu, tana goyon nata ɗan, ta karɓe ni ta shayar da mu tare. Inna nake ce mata har yau. Ubana Babarbare ne, don haka Buba bai taɓa kirana da sunana ba, kullum cikin tsokanar juna muke. Shi bai san baƙi ba, ni ban san kiwo ba, amma ban taɓa yin suna ko rashin lafiya ba face na gan shi a ƙofar gidana da sandarsa a wuya.

Ƙarshen daminar nan, kafin a buɗe cinikin gyaɗa, ruwa ya cika fadama maƙil, sai ga Buba a bayan kanti. Ya rame, idonsa ya faɗa, amma bakin nan nasa yana nan.

Ya ce, "Babarbare, har yanzu kana bin tsuntsaye da akwatin maitarka?"

Na ce, "Ina bi, ɗan Fillo. Ya fi bin wutsiyar saniya."

Ya ce, "To bawan Inna, zo in kai ka inda tsuntsu ke sauka a kafaɗar mutum. Amma ka fara sayo mini kanwa da gishiri da ɗan dama. Kai za ka saya, ba na son a ga fuskata a kasuwa."

Ya kamata wannan magana ta tsayar da ni. Me zai hana makiyayi sayen kanwa da kansa? Ban tambaya ba, tsuntsayen kawai na ji. Da sassafe muka shiga wani kwalekwale da ya aro wurin masunta, yana tunkuɗawa da dogon icce, muna kutsawa cikin ciyawar da ta fi mu tsawo, mu karkata nan mu karkata can, har na daina gane gabas. Can sai ga wani tudu a tsakiyar ruwa, da shanu a kai. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san ba a zama da shanu cikin fadama lokacin da ruwa ya cika. Sauro da ƙudan bobuwa kaɗai sun isa su kashe su. Tudun jigawa ake kai su, sai ruwa ya janye a sauko. Kafin mu kai gaɓa na fara jin tarin, wani busasshen tari daga can cikin ƙirji, wannan ta yi waccan ta amsa. Wasu suna tsaye sun buɗe ƙafafun gaba, sun miƙe wuya, kamar mai neman iska. Waɗanda ke kiwo kuma kowacce da kumburi a doron hanci, da tsaga ɗanya a tsakiya.

Na ce, "Buba, ciwon huhu ne?"

Ya ce, "Rufe bakinka, ba a kiran sunansa a gaban shanu."

Muka zauna a gindin wata ƙirya ya ba ni labari. Wata saniya da ya saya a rani ce ta kawo ciwon. Da ta mutu ya feɗe ta ya ga huhun, sai ya yi abin da ya ga kakansa yana yi: ya yanyanka huhun ƙanana, ya jiƙa, ya tsaga hancin kowace mai lafiya ya cusa ɗan guntu a ƙarƙashin fata. Ya ce wadda ta sha wahalar kumburin ta tashi, ciwon ba zai sake kama ta ba. Sannan ya iyo da garken duka zuwa tudun nan, don kada su haɗa mashaya da shanun kowa, kuma don kada malaman dabbobi su gani. Ya ce, "In Likitan shanu ya ji, masu tari wuƙa, sauran a kulle su a shinge ba ciyawa har su zama ƙashi, ni kuma gaban alƙali don na ɓoye. Shanun nan ba nawa ne ni kaɗai ba. Akwai na Inna, akwai na marayun yayanmu. Ka bar ni da su nan har ruwa ya janye, wadda Allah ya raya ta rayu." Ya dubi akwatin da ke wuyana ya ce, "Tsuntsu ka ɗauka har ka gaji. Amma idon abin nan kada ya kalli saniyata. Ka rantse." Na rantse da Allah.

Edita, ba zan ce mantuwa na yi ba. Buba ya koma bakin ruwa yana sauke kanwa. Wata jar saniya mai manyan ƙahoni ta tako har gabana ta tsaya tana kallona, sai ga balbela fara fat ta sauko ta dira a tsakiyar ƙahonin nan biyu, ta buɗe fukafukai ba ta rufe ba. Rana tana bayana, ruwa yana ƙyalli a bayansu. Shekara da shekaru ina rarrafe a taɓo ban taɓa samun tsuntsu kusa haka ba. Na tuna rantsuwar sarai. Na ce a raina ai balbelar nake ɗauka, ba saniyar ba. Na danna.

Da hotunan suka dawo daga Kano, sauran duk ɗige-ɗigen da na saba ne, amma wannan ɗaya ko a kalandar kamfani ban ga kamarsa ba. Ana iya ƙirga gashin fukafukin. Ga kuma hancin saniyar a gaba-gaba, da kumburinsa da tsagarsa, ko makaho ya shafa zai ji. Na sa shi a ƙasan akwatin tufafina na ce ba mai gani. To ina amfanin hoton da ba wanda ya gani? Matata ba ta san bambancin mai kyau da marar kyau ba. Abokan aikina dariya suke mini, wai ina ƙona kuɗina a kan tsuntsun da ko miya ba zai yi ba. A duk ƙasar Haɗeja mutum ɗaya ne na san zai gane abin da na yi, kuma shi ne mutumin da bai kamata ya gani ba.

Baturen dabbobi nake nufi, Likitan shanun nan, wanda Filani ke kira Mai Lofe. Yakan zo tasha karɓar akwatunan allura, shi ma mai son hoton tsuntsaye ne, a nan muka saba. Yana jin Hausa sosai. Yakan duba hotunana ya ce, "Da kyau, Malam, da kyau," irin yadda ake ce wa yaro in ya zana doki. Wannan "da kyau" ta daɗe tana ci mini rai. Ranar da ya zo, na ce wa kaina ba zan ɗauko ba, amma da na fito daga gida hoton yana cikin aljihuna. Wa ya sa shi? Ni ne. Muna tsaye a inuwar rumfar kaya na miƙa masa, na ɗora babban yatsana a kan hancin saniyar, wai ni mai wayo.

Ya cire lofen daga bakinsa. Ya ce, "Kai ka ɗauki wannan? Da wancan akwatin?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ni da kyamarata ban taɓa samun irinsa ba." Wallahi daɗin da na ji a lokacin, ina jin kunyar faɗarsa. Shi ya sa da ya ja hoton na sake masa. Ya kai shi haske. Na ga lokacin da idonsa ya bar tsuntsun ya sauko ƙasa.

Ya ce, "Yaushe?"

Na ce, "An ɗan jima."

"A ina?"

Sunan garin da ya fara zo mini shi na faɗa. Na ce, "Wajen Miga ne, ranka ya daɗe. Wasu baƙin Filani ne masu wucewa, ban san su ba."

Ya ce, "Ara mini shi." Ya sa a aljihun rigarsa ya ɓalle maɓalli.

Ƙarya ɗaya na yi don in rufe saɓon rantsuwa, ga abin da ta haifa. Ba a jima ba labari ya iso tasha cewa malaman dabbobi da 'yan doka sun dira ƙasar Miga, suna bi ruga-ruga suna duba hancin shanu. An rufe burtali, an hana kowane garke motsi, an hana kai shanu kasuwa. Wani dillali ya faɗa a gabana bayan sallar Juma'a cewa ciyawar jigawa ta ƙare, shanun mutane sai kuka suke a inda aka tsare su, maruƙa sun fara faɗuwa. Ya ce, "Wai wani la'ananne ne ya kai wa Bature takarda mai siffar saniya. Allah ya tona asirinsa." Jama'a suka ce amin. Ni ma na ce amin, don kada a ga bakina a rufe. Mutanen nan me suka yi mini? Ko sunan ɗaya daga cikinsu ban sani ba.

Sai Mai Lofe ya dawo. Wannan karon bai tsaya a tasha ba, har kanti ya shigo, ya ja kujera ya zauna kusa da sikeli, abin da bai taɓa yi ba. Ya ajiye wata jakar fata a kan teburina.

Ya ce, "Malam, na duba hancin shanun Miga har na gaji. Babu tsaga ko ɗaya."

Na ce, "Wataƙila sun wuce, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Wataƙila. Amma akwai ruwa a bayan saniyar, ruwa mai yawa, da ciyawa a tsaye cikinsa. Masu wucewa ba sa bi ta cikin ruwa." Ya kunna lofensa a hankali. "Ban ce ka yi ƙarya ba. Mutum yakan manta wuri. Abin da nake so ka sani shi ne, tsagar nan wani lokaci tana aiki, wani lokaci tana kashe saniyar, kuma wadda ta warke da kanta tana iya ɗauke da ciwon a ƙirjinta tana raba wa wasu. In ruwa ya janye, shanun ƙasar nan duka fadama za su sauko. Baki ɗaya za su sa a ruwa ɗaya. Ka gane?"

Na ce na gane. Sai ya buɗe jakar. Edita, ita ce. Kyamarar da na sha gani a wuyansa ina haɗiyar yawu, baƙa da fari, da dogon gilashi kamar damtsen yaro. Ya ce ya kusa tafiya hutu ƙasarsu, zai sayi sabuwa a can, yana so wannan ta zauna a hannun wanda ya san darajarta. Ya nuna mini yadda ake murɗa gilashin har abu ya fito sarai. Na leƙa ta ƙofar kanti, sai ga wani hankaka da ke kan tankin ruwan jirgi ya zo gaban hancina, har ina ganin ƙwayar idonsa.

Ya ce, "Riƙe ta ka gwada. Na sa maka fim a ciki. In ya ƙare kada ka aika Kano, ka kawo mini ita yadda take, ni zan wanke da kaina, ina da ɗakin duhu a gida. In ta yi maka sai mu yi ciniki, ba zan tsananta maka ba. Abin da ka tara ya isa." Da ya kai ƙofa ya juyo ya ce, "In ka tuna inda balbelar nan take, ina so in gan ta kafin in tafi."

Ni ba yaro ba ne. Na san ba kyamara ya ajiye mini ba, ƙugiya ce. Me ya hana ni in bi shi da jakar in ce na gode, ta fi ƙarfina? Ba tsoro ba ne. So nake. Na rungume ta na kai gida na rataye a ƙusa. Matata ta dube ta ta ce, "Malam, wannan kuma sabon ubangidan namu ne? Tun da ya shigo ko tuwo ba ka ci ka ƙoshi ba." Na daka mata tsawa a kan abin da ba laifinta ba.

Ranar kasuwar da ta wuce sai ga Inna. Tsohuwa ce yanzu, tafiyar ta yi mata nisa, amma ta zo. Ba ƙwaryar nono a kanta. Na shimfiɗa mata tabarma a zaure na durƙusa na gaishe ta.

Na ce, "Inna, yaya mutanen ruwa?"

Ta ce, "Suna nan yadda Allah ya so." Ta murza bakin zanenta. "Jar nan tawa mai ƙaho ta tafi. Kumburin ya hau mata har ido."

Ban iya ɗaga kai ba.

Ta ce, "Buba ya ce a ƙaro kanwa. Ya ce kuma in faɗa maka, ya ji kana zama da Mai Lofe. Ya ce ka yi hankali, Bature wayo gare shi, kai kuwa Babarbare ne, kanka kamar na jaki." Ta yi 'yar dariya. "Na ce masa ya bar zagin ɗana. Na ce ko wuƙa aka sa wa wannan a wuya ba zai nuna hanya ba."

Na ce, "Haka ne, Inna." Kyamarar tana rataye a bayan bangon da ta jingina da shi.

Da ta tafi na kasa zama. Washegari na ɗauki keke da jakar, na ce bari in je bakin fadama in hango da idona, ko abin bai kai yadda nake tsoro ba. Na bi ta gefen da muka shiga kwalekwale, na hau wani tsohon suri. Ruwa ya ja baya ƙwarai. Inda muka bi da jirgi yanzu taɓo ne da tsuntsaye ke tafiya a kai. A gaɓar da nake tsaye kuma garkuna sun riga sun fara taruwa daga jigawa, shanu fari da ja iya ganin ido, makiyaya sun kafa bukkoki suna jiran ƙasa ta ɗan yi tauri su sauka. Wani dattijo a cikinsu ya gaishe ni, ya ce bana Allah ya ba da ciyawa, 'yan kwanaki kaɗan suka rage.

Da ido ban ga komai ba sai kore da ƙyallin ruwa. Na ɗaga kyamarar na murɗa gilashin. Sai tudun ya taso ya zo gabana. Ban taɓa lura ba sai ranar, akwai wata giginya a kansa wadda tsawa ta sare wa kai, tsaye ita kaɗai kamar tabarya. Irin alamar da duk masuncin yankin zai gane da kallo ɗaya. A samanta kuwa ungulaye ne, ba biyu ba, ba goma ba, suna juyawa a hankali, wasu na sauka wasu na tashi, wasu sun jeru a kan kututturen sun buɗe fukafukai suna shan rana. A ƙasa na ga wani abu mai motsi da farar riga yana jan wani abu mai nauyi zuwa bakin ruwa. Ya tsaya, ya dafa gwiwa, ya sake ja. Shi kaɗai.

A nan ne zan faɗi abin da ya fi komai ba ni kunya. Mutum mai zuciya da ya ajiye abin da ke hannunsa ya shiga taɓon nan ya je ya kama wa ɗan'uwansa. Ni ba haka na yi ba. Haske ya yi kyau. Ungulayen sun yi da'ira daidai kan giginyar, gajimare a bayansu. Yatsana ya danna kafin in yi tunani. Na murɗa na sake dannawa. Na matsa gefe don garkunan da ke gaɓa su shigo ta ƙasa, tudun ta sama, na danna. Ban tsaya ba sai da abin murɗawar ya ƙi juyawa, fim ya ƙare. Sai a lokacin na tuna fim ɗin na wane ne, da wanda zai wanke shi. Wace irin zuciya ce wannan? Da bakina na ƙi faɗa masa wurin, sai na zana masa hanya da kayansa, har da gaɓar da zai tsaya da alamar da zai bi.

Jiya masinjansa ya zo kanti. Ya ce Likita na gaishe ni, ya ce zai zo da jirgin da ke tafe ya ga abin da na ɗauka, kuma ya riga ya yi wa Bulaman masunta magana a tanadi kwalekwale, ko da na tuna wani abu.

Ga inda nake. Na san in na buɗe bayan kyamarar nan a rana, hasken zai cinye duk abin da ke ciki, in ce masa kuskure na yi don ban saba da ita ba. Ba zai yarda ba, amma ba shi da shaida. In mayar masa da abarsa, in je Kano in sayi kwanukana da jar fitilata, in riƙa wanke hotunana a ɗaki inda ba mai gani, kamar yadda ya kamata in yi tun farko. To in na yi haka, mutanen Miga suna nan a tsare saboda ƙaryata, garkunan da na gani a gaɓa kuma za su sauka su sha ruwan da Buba ke jan mushe zuwa cikinsa. In kuwa na miƙa masa ita yadda take, ba sai na buɗe baki ba, da kansa zai gani. Za a je da wuƙaƙe da 'yan doka. Abin da ciwo ya bari na Inna da na marayu zai ƙare a shinge, Buba zai tsaya gaban alƙali, ni kuma in zauna da kyamarar da na daɗe ina mafarki, kowa ya san da me na saye ta. Na yi tunanin in riga su zuwa, in shiga taɓon in faɗa wa Buba gaskiya da bakina. Amma na san shi. Ba zai tsaya jiran Likita ba, zai kora abin da ya rage ya kutsa cikin shanun jama'a ya ɓace, da tarin da komai.

Na tambayi wani malami a kaikaice, ban faɗi suna ba. Ya ce kaffarar rantsuwa mai sauƙi ce, in ciyar da miskinai ko in yi azumi. Da na fara maganar shanun sai ya ce wannan ba fanninsa ba ne.

Ban rubuto don a wanke ni ba. Wataƙila kafin a buga wannan takarda jirgin ya riga ya iso, amma duk da haka ina so in ji daga bakin mutanen da ba su san ni ba, musamman masu shanu da waɗanda suka san aikin dabbobi. Kyamarar tana gabana a kan teburi, rana tana shigowa ta taga, ɗan maɓallin da ke buɗe bayanta yana ƙarƙashin yatsana. In buɗe ko in miƙa? Jama'a, don Allah, me zan yi?